Yawon Buɗe Ido a Birnin Landan Lokacin Zafi: Waiwaye Kan Tafiye-tafiyen Mutanen Arewa, 1855 zuwa 1946

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, suna kuma cewa gani ya kori ji. Manufar wannan maƙala ita ce a waiwayi ziyarce-ziyarcen da wasu mutanen Arewa suka kai birnin Landan, domin a gano dalilin da ya sa aka riƙa tsara su a lokacin zafin Turai, da irin abubuwan da aka nuna wa baƙin, da kuma waɗanda tarihi ya bari a baya. Daga ƙarshe za a dawo da zancen ƙasar Zuru, musamman garuruwa irin su Bena, inda wani ɓangare na wannan tarihi yake a bakin mutane.

2.0 Mafarin Al'amari

Bahaushen farko da labarin zuwansa Turai ya iso gare mu daga bakinsa shi ne Dorugu, yaron da ya fito daga ƙasar Damagaram. Shi da Abbega ne suka bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, suka isa Landan cikin watan Satumba na 1855, daga nan suka leƙa Jamus. J. F. Schön ya rubuta labarin Dorugu kamar yadda ya faɗa, ya buga shi a littafin Magana Hausa a 1885. Abin lura shi ne Dorugu bai tsaya ga gine-gine kaɗai ba. Ya sa ido ƙwarai kan mutane: yadda suke zama cin abinci, da suturar matansu, da yadda suke karɓar baƙo. Ke nan tun daga tushe, Bahaushe ya je Turai yana nazari, ba baki buɗe kawai ba.

3.0 Me Ya Sa Lokacin Zafi?

Bayan kafuwar mulkin mallaka, sai tafiyar ta zama ta sarakuna. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya bi ta Ingila a 1921 kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji, ya gana da Sarki George na Biyar. Ya sake komawa a 1924 da 1933. A 1934 kuwa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka tafi tare.

A nan akwai ruɗanin da fassara ke jawowa. Akan kira lokacin zafin Turai da sunan bazara, alhali kuwa watanninsa, wato Yuni da Yuli da Agusta, sun dace ne da daminarmu. Bazarar ƙasar Zuru a Maris da Afrilu take, lokacin da zafi kan doshi digiri 40. A Landan kuwa matsakaicin zafin rana a Yuli bai cika wuce digiri 23 ba. Saboda haka abin da Bature ke kira zafi, ga mutumin Katsina ko Gwandu sauƙi ne. Wannan shi ne dalili na farko: a kare baƙi daga hunturun da ba su saba da irinsa ba. Na biyu, a waɗannan watanni ne birnin ke cika da bukukuwa, da sukuwar dawaki, da faretin soja, wato daidai lokacin da daula ke baje ƙarfinta.

Shekarar 1921 ta fita dabam, domin an yi fari mai tsanani a kudancin Ingila, zafi kuma ya haura digiri 30 cikin Yuli. Mutanen gari sun jigata, domin an gina gidajensu ne don su riƙe ɗumi, tufafinsu kuma na ulu ne masu matse jiki. Babbar riga da rawani, waɗanda ƴan kallo suka ɗauka kayan ado ne kurum, su ne suka fi dacewa da ranar, don kuwa iska na ratsa rigar, rawani kuma na tare rana.

Abin da ya fi damun Musulmi a wannan lokaci shi ne tsawon yini. A ƙarshen Yuni rana kan yi fiye da awa 16 da rabi ba ta faɗi ba, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli hasken shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya, abin da ke sa tantance lokacin Lisha da Asuba ya yi wuya. Ga kuma ƙarancin masallatai: a 1921 masallacin da aka sani shi ne na garin Woking, wanda aka gina a 1889, a wajen birnin. Babban masallacin Landan sai a 1977 aka kammala shi.

4.0 Mai Kallo Ya Zama Abin Kallo

Landan birni ne mai alfahari da tsufansa. An fara ginin Hasumiyar Landan wajen 1078, an kammala majami'ar St Paul a 1710. To amma baƙin ba daga inda babu tarihi suka fito ba. An fara ganuwar Kano zamanin Sarki Gijimasu tun ƙarni na 12, Katsina na da hasumiyar Gobarau, Kabi kuma na da Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16. Bambancin da ke akwai shi ne na adanawa: can an mayar da tsohon gini abin tattali da hanyar samun kuɗi, a nan kuwa ruwan sama da sakaci sun ci ƙarfin da yawa daga cikin namu.

A baje kolin daular Ingila da aka buɗe a Wembley cikin Afrilu na 1924, an gina wa Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa irin ta biranen Hausa, aka kawo masu sana'a suna aiki jama'a na kallonsu. Sarkin da ya je ganin ƙasar wasu sai ya tarar an kafa kwatankwacin tasa ƙasar ana biyan kuɗi a gani, shi kansa kuma jaridu na bin sa da na'urar ɗaukar hoto. Duk da haka kuskure ne a ɗauka cewa sarakunan ba su da tasu manufa. Moses Ochonu, a littafinsa Emirs in London na 2022, ya nuna cewa sun yi amfani da tafiyar wajen ƙara wa kansu martaba a gida, suka kuma zaɓi abin da za su ɗauko da wanda za su bari.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi cikin ayarin ƴan jarida takwas na Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe. Landan ɗin da ya tarar ta sha ruwan bama-bamai a 1940 da 1941, kwarjininta ya ragu. Ya gana da Lugard ya bayyana masa matsalolin mulkin Arewa, ya kuma ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara. Littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito a 1944. Daga wannan lokaci yawon buɗe ido ya haɗu da siyasa.

5.0 Waɗanda Aka Bari a Baya

Duk labaran da aka ambata na sarakuna ne da masu alƙalami. Amma akwai wani rukuni da ya ƙetare teku da yawan da ya ninka nasu, wato sojoji. Ƙasar Zuru ta daɗe da yin suna wajen ba da soja tun zamanin Turawa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, kuma a faretin nasara da aka yi a Landan ran 8 ga Yuni, 1946, sojojin Afirka ta Yamma sun yi maci a titunan birnin. Irin waɗannan matafiya ba a ba su marubuci ko mai ɗaukar hoto ba. Abin da suka gani a ƙasashen waje, a zaure da dandali suka ba da shi, cikin Hausa ko C'lela ko sauran harsunan yankin.

6.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓar lokacin zafi ba haɗari ba ne, dabara ce ta sauƙaƙa wa baƙo da kuma nuna masa ƙarfin daula, an kuma ga cewa baƙin sun tafi da nasu ma'aunin. Abin da ya rage shi ne aikin da ke gaban masu bincike. Tsofaffin sojojin sun kusa ƙarewa, amma ƴaƴansu da jikokinsu na nan a Bena da Wasagu da Dabai da Sakaba, wasu na riƙe da lambobin yabo da takardun sallama. Ya kamata sassan Hausa da na tarihi su tura ɗalibai su naɗi abin da waɗannan gidaje suka adana, tun kafin wanda ya ji daga bakin mai gani shi ma ya kau.