Mai Masauki da Baƙonsa: Zumuncin Fatauci a Sabon Birni da Isa

Gabatarwa

Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan ƙasar Gobir sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ba mu ga laifinsu ba, domin da yaƙi aka san Bagobiri. Amma maƙasudin wannan takarda shi ne duba wani al'amari da ba a cika kula da shi ba, watau yadda falke yake samun wanda zai sauke shi, ya tsaya masa, ya amince masa da dukiya, a ƙasar da mulki bai cika daɗewa a hannu ɗaya ba. Ra'ayinmu shi ne, a yankin Sabon Birni da Isa ba hukuma ce ta riƙe ciniki ba, sanayya ce tsakanin mutum da mutum. Kuma duk lokacin da aka tsananta iyaka, darajar wannan sanayya ƙaruwa take yi.

Garuruwa biyu, sarauta ɗaya

Kafin mu shiga batun ciniki, wajibi ne mu tuna yadda garuruwan biyu suka samu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka ci gaba da gwagwarmaya har aka yi musu mummunar ɓarna a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Daga nan Mayaƙi ya ja sauran jama'a ya kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku (1859 zuwa 1866) wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya gina Sabon Birni a kwarin gulbin Rima da yardar Sakkwato, ko da yake yardar ba ta hana garin zama sansanin hari daga baya ba. Isa kuwa, a bakin gulbin Bunsuru, ribaɗi ne na Sakkwato, sarautarsa tana hannun zuriyar Muhammadu Bello.

Abin lura a nan shi ne, mai Isa Sarkin Gobir ake kiransa, mai Sabon Birni Sarkin Gobir, mai Tsibiri ma haka. Ke nan falken da ya ɗauko gishiri daga wajen Buzaye a Gobir Tudu yana nufin Zamfara, sai ya ratsa ƙasashen sarakuna masu suna ɗaya waɗanda sau da yawa ba sa ga maciji da juna. Alƙalin wannan gari ba shi da ikon karɓo masa bashi a wancan. To, me ya dogara da shi?

Mai masauki

Ya dogara da mai masaukinsa, wanda fatake kan kira maigida ko fatoma. Shi ne mazaunin gari mai zaure da turaku da garken dabbobi. Baƙo ya iso, a ba shi ruwa da fura, a sauke wa jakunansa kaya, a ajiye hajarsa. Ba a yi masa kuɗin kwana ko na tuwo. Washegari maigida ya haɗa shi da dillali, wanda sau da yawa yaronsa ne, a nemo mai saye. In ciniki ya faɗa, a fid da la'ada, daga nan ne maigida yake samun nasa rabo. In kuwa bashi aka sayar, to, maigida ne jingina, domin baƙon bai san mai sayen ba, shi maigidan ya sani.

Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba, bisa lamunin masu gida. Polly Hill ta ga makamancinsa a Kumasi. Abin da muke so mu jawo hankalin mahalarta a kai shi ne, waɗannan manyan zangunan kudu ƙarshen igiya ne kawai. Farkonta yana ƙananan kasuwannin mako irin na yankinmu, inda ake tattaro dabba ɗaya ɗaya, da fatun jar akuya, da gero, kafin a haɗa su a manyan kasuwanni kamar ta Shinkafi.

Yaya ake ƙulla wannan zumunci? A nan ne muke ganin masu nazarin tattalin arziki sukan yi gaggawa. Sukan ce amana ce, su wuce, kamar amana tsiro ce da ke fitowa ba shuka. Alhali kuwa aiki ce mai cin lokaci da dukiya. Da wuya mutum ya je gidan da ba a san shi ba. Yakan fara zuwa ne a matsayin yaron wani, yana kora jakuna ko yana tsaron kaya, shekara da shekaru maigida yana kallon halinsa. Ranar da ya zo da hajar kansa, sai a gwada shi da ƙaramin bashi. In ya cika alkawari a ƙara. Shi kuma ba ya zuwa hannu sake: ga tsarabar goro, ga turmin zane na uwargida. In an yi haihuwa a gidan ya zo suna, in an yi rashi ya zo ta'aziyya ko da ba lokacin kasuwa ba ne, domin zumunta a ƙafa take. Tafi-tafi sai a kai ga ba da riƙon ɗa, ko a haɗa aure. Daga nan masauki ya zama gado, ɗan falke ya riƙa sauka wurin ɗan maigida. Kuma a ganinmu kuskure ne a ce duk wannan dabarar neman riba ce kurum. Wanda ya zo ta'aziyya don ciniki, mutanen zaure ba sa daɗewa ba su gane shi ba.

Hukuncin wanda ya ci amana kuwa ba a gaban alƙali yake ba. Tun da kasuwanni zagayawa suke yi kowace da ranarta, kuma dillalai ɗaya ne ke bin su, labarin wanda ya riƙe kuɗin baƙo yakan gama yankin kafin mako ya zagayo. Wanda sunansa ya ɓaci, zaurensa ya mutu.

A nan ya kamata mu ɗan ratse mu ambaci wasan barkwanci da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Ba mu ce ciniki ne ya haife shi ba. Amma duk wanda ya ga yadda Bagobiri da Bayarabe da ba su taɓa haɗuwa ba suke fara zolayar juna a kan wane ne ubangidan wani, ya san cewa ƙofa ce a buɗe wadda wasu sai sun sha wahala kafin su same ta.

Iyakar Turawa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Yarjejeniyoyin da suka yi da Faransa a 1904 da 1906, da aikin kafa duwatsun iyaka da ya biyo baya, suka bar Tsibiri da Maraɗi da Madawa a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa a hannun Ingila. Gida ɗaya ya rabu biyu, da kuɗi iri biyu, da haraji iri biyu. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaurar Namoda a 1929, gyaɗa da fatu suka sami sabuwar mafita, wadda ta ƙara jan kaya daga arewa zuwa kudu.

Sai dai iyakar ba ta kashe mai masauki ba, aiki ta ƙara masa. Inda farashi ya bambanta a gaɓa biyu, wanda yake da aminin da zai riƙe masa kaya a ƙetare shi ne da riba. Emmanuel Grégoire, a nazarinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ƙarfin attajiri yana ga abin da suke kira arzikin mutane, watau yawan barorinsa da abokan harkarsa na Nijeriya. An ga gaskiyar haka lokacin da aka rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da kuma rufewar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Duk lokacin da aka rufe iyaka babbar hanya takan tsaya, kaya su koma bin ƙananan hanyoyin da sai ɗan gari ya san su.

Ba za mu ɓoye aibin tsarin ba. Igiyar da ta ɗauki gishiri ita ce ta ɗauki bayi a ƙarni na 19, ita ce kuma ta ɗauki fetur da taba na fasa-ƙwauri a ƙarni na 20. Har ila yau, wanda ba shi da ubangida ba shi da mashiga, kuma bara yakan tsufa yana jiran jarin da aka yi masa alkawari.

Abin da ya sauya

Tsarin da ya tsallake jihadi da mulkin mallaka da fari na 1973 zuwa 1974 ya gamu da abin da bai taɓa gamuwa da irinsa ba. Daga wajen 2018 hare-haren 'yan bindiga suka ƙetaro daga Zamfara zuwa gabashin Sakkwato. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni a yini ɗaya. A Oktoban 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, a Disamba kuma aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Dubban iyalai suka tsere ƙasar Maraɗi, da yawansu kuma gidajen dangi da tsofaffin abokan harka ne suka fara karɓarsu.

Amma ɓarnar da ta fi shafar batunmu ba ta bindiga ba ce, ta zargi ce. Yaƙin da, an san wanda ake yi da shi, an san lokacinsa, falke kuma yana iya jira ya wuce. Yanzu tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto ya sa wanda ya sauki baƙo sai an tambaye shi ko wane ne, dillalin da ya sayar da saniyar da bai san asalinta ba yana iya shiga uku, shi kuma mai dukiya yana ɓoye tafiyarsa har ga maƙwabcinsa. Tsohuwar sanayya tsakanin manomi da Bafillacen da ke sauka a gonarsa bayan girbi, wadda ita ce tushen cinikin dabbobi a yankin, ta fi kowace jin jiki. Kuɗi kan tafi ta waya a yau, kuma hakan ya rage haɗarin hanya. Sai dai yaron da ake aika wa kuɗi ta waya bai kwana a zauren kowa ba, babu kuma dattijon da ya zauna shekara biyar yana kallon halinsa.