Tarihin Lanƙwasar Da Ke Tsakanin Hannu Da Kunne

Wannan makon za mu leƙa tarihin wata matsala da ta sha wa masu haɗa sauti da kwamfuta kai.

A 1983 ne kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka fito da MIDI, tsarin da na'urori ke magana da juna. A tsarin, in ka murɗa maɓalli, lamba ce ke fita, daga 0 zuwa 127. Shi kuwa kunnenmu yana jin sauti daga girgiza kusan 20 a daƙiƙa har 20,000. To yaya za a shimfiɗa waɗancan 'yan lambobi a kan wannan makeken fili?

Mai gaggawa zai ce a raba daidai-wa-daida. Nan fa gizo ke saƙa, don kunne ninki yake ji. Tazarar 220 zuwa 440 da ta 440 zuwa 880 duk ɗaya ce a wurinsa. Ninki kusan goma ne tsakanin 20 da 20,000, sai rabon ya cusa tara a rabin maɓallin na farko, ɗaya rabin ya ƙare a kan ninki guda tak. Ka ɗan taɓa, sauti ya yi tsalle. Ka wuce tsakiya, sai tsiwa kamar ta sauro.

Ashe maganin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun 1860 Bajamushe Gustav Fechner, bisa gwaje-gwajen Ernst Weber, ya bayyana cewa sai abin da ke taɓa gaɓoɓinmu ya riƙa ninkuwa kafin mu ji yana ƙaruwa taki-taki.

A shekarun 1980, a cibiyar IRCAM ta birnin Faris, Miller Puckette ya ƙirƙiro manhajar Max, wadda ya raɗa wa sunan Max Mathews. A cikinta akwatuna ake jerawa a fuskar kwamfuta, a haɗa su da zare, lamba ta bi zaren. A 1996 ya sake fito da Pure Data kyauta. A ganinmu babbar gudummawarsa ke nan: makaɗin da bai iya rubuta dogon umarni ba ya samu damar saƙala akwati ɗaya tsakanin maɓalli da sauti, ya lanƙwasa lissafin. Akwatin mtof, alal misali, yana mayar da 69 ta zama 440, kuma duk ƙarin 12 ninki ne.

Da irin wannan lanƙwasa, tsakiyar maɓallin nan namu tana sauka a wajen 632 maimakon 10,010, kowane ninki ya samu rabonsa a hannu.