Tsoron 'Yan Doka da Darasin Sakaba: Martani ga Masu Kare Tara Iko a Abuja

Muhawarar rage wa gwamnatin tarayya iko a miƙa wa jihohi ta daɗe, kuma masana sun san zangunan da ta bi, daga rahoton kwamitin El-Rufa'i na jam'iyyar APC a 2018 zuwa gyaran tsarin mulki na Maris 2023, wanda ya ba jihohi damar yin doka kan lantarki da jiragen ƙasa da gidajen yari. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hujja da ake maimaitawa a tsakanin masu ra'ayin sauyi a Arewa: wai tarayya ce garkuwar talaka da ƙananan ƙabilu, duk ikon da ya sauko hannun gwamna kuwa bulala ce da za ta sauka a bayan mai ƙaramin ƙarfi. A ganina hujjar tana da rauni, kuma a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, musamman Sakaba, raunin ya fi fitowa fili.

Adalci ne a fara da ƙarfinta. Tushenta rahoton Hukumar Willink ne na 1958, wadda ta saurari koken ƙananan ƙabilu, ta ƙi goyon bayan ƙirƙiro sababbin jihohi, ta ce a kare su da haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki da kuma 'yan sandan tarayya. Duk wanda ya san yadda 'yan dokan En'e suka gasa wa 'yan NEPU aya a hannu ba zai raina wannan tsoro ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga Dakarkari da Kambari da Dukkawa, waɗanda ba su da rinjaye a jihar Kebbi, tsoron ya fi kusa.

Amma hujjar ta ginu kan zato biyu. Na farko, wai sauyi daga sama yake saukowa. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, su suka soke haraji da jangali, alhali NPN ce ke riƙe da tarayya. Tun 1955 Yankin Yamma ya fara ilimin firamare kyauta, shekara ashirin da ɗaya kafin tarayya ta kawo shirin UPE. Mai adawa zai kawo Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohin Arewa suka ja ƙafa a kanta har Kano ta kai 2023. Gaskiya ne. Sai dai misalin ya fi nuna iyakar tarayya, domin dokar da aka yi a Abuja ba ta tsinana wa yaron ƙauye komai ba sai da majalisun jihohi suka karɓe ta.

Zato na biyu ya fi nauyi, wato cewa garkuwar tana aiki. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya, sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar neman a miƙa umarnin gwamna ga shugaban ƙasa kafin ya zartar. A Maris 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙaramar hukumar Sakaba, suka kashe sama da 60. Kwanaki kaɗan bayan haka aka far wa ayarin mataimakin gwamnan Kebbi na lokacin, Samaila Yombe, a Kanya. Zai yi wuya a shawo kan mutumin Dirin Daji da ke Sakaba cewa sashe na 214 don kare shi aka rubuta, alhali manoma ne suka fita da bindigar gargajiya suka tare maharan.

A nan dole in taƙaita da'awata. Abin da ya faru a Sakaba bai tabbatar da cewa 'yan sandan jiha za su hana kisan ba. Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a Oktoba 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairu 2024, kuma hare-hare ba su tsaya ba. An kuma daɗe ana zargin 'yan sa-kai da kashe Fulani ba tare da shari'a ba. Abin da hujjojin suka iya ɗauka shi ne wannan: mutanen ƙauye masu makami sun riga sun wanzu. Zaɓin da ya rage shi ne ko su yi aiki a ƙarƙashin doka, da horo da albashi da kotun da za a kai su ƙara, ko su ci gaba a wajenta.

Akwai kuma inda mai adawa ya fi ni gaskiya. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, domin gwamnoni sun danne shi. Ikon da ya baro Abuja ya maƙale a Birnin Kebbi, da wuya Sakaba ta ji bambanci. Don haka duk gyaran da za a yi wa sashe na 214 ya kamata ya tanadi ɗaukar kurata daga kowace ƙaramar hukuma, ya hana gwamna cire kwamishina shi kaɗai, ya kuma bar wa tarayya hurumin shiga tsakani idan rundunar jiha ta zama karen farautar jam'iyya. Tsoron da Willink ya rubuta a 1958 dalili ne na gindaya waɗannan sharuɗɗa, kuma a kansu ya kamata muhawarar ta koma.