Daga Tubali Zuwa Bulo a Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun

Kalmar tubali tana nan da ranta a bakin malamai. Masu nazarin nahawu sukan ce kalmomi su ne tubalan ginin jimla, haka kuma Bahaushe yakan kira abin da ba shi da ƙarko tubalin toka. Amma shi tubalin kansa, watau curin ƙasar nan mai faɗin gindi da tsinin kai, yana neman ɓacewa daga idon ɗaliban da ake karanta wa waɗannan misalai. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawunsa a garuruwa uku na kwarin Gulbin Sakkwato, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun, don a ga abin da ya tafi tare da shi.

Da rani ake yin tubali. Akan haƙo jar ƙasa a jiƙa ta, a zuba mata ramno, a tattake da ƙafa, sa'an nan a mulmula da hannu a jera a rana. In ya bushe, sai magini ya hau katanga, ana jefa masa ɗaya ɗaya yana cafewa, yana dasa kowane gindi ƙasa tsini sama, yana lulluɓe shi da kwaɓi. Azara daga giginya take, makubar yaɓe kuwa daga kwasfar ɗorawa. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi ke zama kududdufin unguwa. Ke nan duk kayan ginin a cikin gari da dajinsa ake samunsu.

Da irin wannan ƙasa aka yi ganuwa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ganuwar birnin, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta. A Zamfara ta ƙarni na 19, inda yaƙi bai kwanta ba bayan jihadi, gari marar ganuwa kiwon mahara ne. Don haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817-1837) ya kakkafa ribaɗai, watau garuruwa masu ganuwa na tsaron iyaka, Bakura kuwa tana cikinsu. A 1891 Mafara ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman tawaye har sai da aka fito mata da yaƙi, kuma a wancan zamani ba mai ɗaga wa Sakkwato kai sai wanda ya amince da katangar garinsu. Ita ganuwa ba a gama ta, domin kowace damina sai ta zaftare wani sashe, kowane rani kuma sai sarki ya tara jama'a a yi gyara. Wannan gayya ita ce makarantar da samari suke koyon gini.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare, aka bar gyaran ganuwa, ruwa da masu ɗibar ƙasa suka yi ta cinta. Sa'an nan siminti ya shigo. Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, bulo da kwano suka zama alamar arziki. Tsakanin 1974 da 1978 wani kamfanin Italiya, Impresit, ya gina madatsar ruwa ta Bakolori, mai tsawon kilomita 5.5, wadda galibinta tulin ƙasa ce kamar ganuwa, sai dai injuna ne suka tula ta. Ruwanta ya tashi mutane kimanin 13,000, akasarinsu daga ƙasar Maradun, rigimar diyya kuma ta kai ga kashe manoma a watan Afrilu na 1980. Mutumin da ya gina gidansa da ƙasar da ya taka da ƙafarsa, sai ga shi yana jiran a yanka masa kuɗin gidan a takarda.

Wasan yara ma ya bi sawu. A da yaro yakan tsuguna kusa da magina ya mulmula 'yan tubalansa, ya tayar da ɗaki, ya yi masa azara da kara. Yau a gidajen masu hali akwai tubalan roba irin na Lego, waɗanda wani kamfani na ƙasar Denmark ya yi wa rajista a 1958. Suna koyar da lissafi da tsari, amma a kammale suke zuwa hannun yaro, ba za su nuna masa wace ƙasa ce take riƙe gini ba.

Ba a musun cewa bulo ya fi jure ruwa, ya kuma rage wahalar yaɓe. Sai dai soron ƙasa ya fi sanyi da bazara, kuma talaka yana iya mallakarsa ba da bashi ba. Tsofaffin magina na waɗannan garuruwa suna ƙarewa, da su da kalmominsu irin su zanko da indararo da ɗaurin guga. Ya kamata masu nazarin harshe da al'ada su je su ɗauko wannan ilmi daga bakinsu tun suna raye.