Yadda Littattafan Malamanmu Suka Shiga Jami'ar Legon

 

'Yan'uwa, abin da ya jawo wannan rubutu wata magana ce da ta taso a unguwarmu bayan babbar salla. Wani yaro ɗan jami'a, ɗanmu ne, a makarantar nan ya yi sauka, ya je gidan wani malami da ya daɗe da rasuwa ya nemi izinin ɗaukar hoton takardun da ke cikin adakarsa, don binciken da yake yi. Magada suka hana. Wani ya ce asirin gida ne, wani ya ce ai Turawa za a kai wa. Ba mu ga laifinsu ba, domin amana suke tsaro. Amma da aka kawo mana maganar sai muka lura yawancinmu ba mu san cewa an taɓa yin irin wannan aiki a ƙasar nan ba, kuma da hannun malami irin namu aka yi shi.

A shekarar 1961 aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon, kusa da Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe ta da kansa a watan Oktoba na 1963. A wannan shekarar ce wani babban malamin tarihi na Jami'ar Oksfod a Ingila, Hugh Trevor-Roper, ya fito ya ce Afirka ba ta da wani tarihi da za a koyar sai na Turawan da suka shigo ta. Irin wannan tunani ya ginu ne a kan zaton cewa baƙar fata bai rubuta komai ba. To, jami'a tana neman abin da za ta mayar da martani da shi, ashe amsar tana kwance cikin gafakokin malaman zango, a Salga da Yandi da Wa da Kumasi.

Shugaban cibiyar a lokacin, Thomas Hodgkin, da abokin aikinsa Ivor Wilks, dukansu 'yan Birtaniya ne. Sun san takardun suna nan, sai dai Bature ba ya sallama a zaure haka kawai a buɗe masa adaka. Wanda ya buɗe musu ƙofa shi ne Alhaji Usman ɗan Ishaƙa Boyo, Allah ya jiƙansa. Malami ne, ya san gidajen ilimi, su ma sun san shi. Shi ya riƙa bin gari gari yana zama da malamai, ya ari littafi, a kai Legon a ɗauki hotonsa warƙa warƙa, sannan ya mayar wa mai shi da abinsa. A nan ne duk sirrin aikin yake. Da a ce ya riƙe littafin mutum ɗaya bai mayar ba, labari zai riga shi isa gari na gaba, shi ke nan ƙofa ta rufe. Ta haka aka tara kusan littattafai 500, na Larabci da na Hausar ajami da wasu harsunan. Yau in ka buɗe littattafan tarihi sunan Wilks ya fi yawa, na Alhaji Boyo sai ka duba da kyau. Mu dai a wurinmu bai kamata ya ɓace ba.

Me aka samu a ciki? Daga cikin mafi daraja akwai Kitabu Gwanja, wanda malaman ƙasar Gwanja suka rubuta wajajen 1752, aka yi masa ƙari har zuwa 1764. Shekara shekara yake bi: sarki kaza ya rasu, liman kaza ya tafi hajji, an yi yaƙi a wuri kaza. Har mutuwar Sarkin Asante Opoku Ware tana ciki. Abin sha'awa, masu tarihin Asante, waɗanda ba Musulmi ba, sun dawo suna daidaita shekarun sarakunansu da alƙalamin limaman Gwanja.

Sai kuma abin da ya fi shafarmu mu masu karantarwa, wato salsala. Wilks da Alhaji Boyo sun tattara ijazojin da ake ba ɗalibi in ya sauke Tafsirin Jalalaini da Ashafa da Muwaɗɗa, a naɗa masa rawani. Kowace ijaza tana cewa wane ya karanta a wurin wane, shi kuma a wurin wane. Da aka jera su gefe da gefe, sai ga salsalar 'yan'uwanmu Wangarawa tana komawa ga Alhaji Salim Suware na ƙasar Mali ta da. Daga nan masu bincike suka fahimci yadda malaman wannan layi suka zauna ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin sarakunan da ba Musulmi ba, suna riƙe da addininsu, suna karantarwa, ba su ɗauki makami ba. Wannan mas'ala ce ta fiƙihu da siyasa a lokaci guda, kuma ita ce dai muke ciki har gobe a ƙasar da Musulmi ba su ne mafi yawa ba. Kowane gida yana da ijazarsa a ajiye, amma babu gidan da zai iya ganin wannan hoto shi kaɗai. Sai da aka haɗa su wuri ɗaya.

Amma wanda ya cika taskar Legon da rubutu shi ne Alhaji Umaru na Karaci, wanda wasu ke kira Imam Imoru. A Kano aka haife shi wajajen 1858, asalin gidansu Kabi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar fataken goro zuwa Salga, ya zauna yana karantarwa. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salga, mutanen zango suka fashe, shi ma daga baya ya koma Kete-Karaci, inda ya zama liman, a can ya rasu a 1934. Ɗalibai, ku dubi faɗin abin da mutum ɗaya ya rubuta. Tun yana saurayi ya yi littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ya rubuta labarin rushewar Salga. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya. Ya yi waƙa a kan talauci da wadata. Ya juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa don ɗalibansa. Da annobar mura ta 1918 ta iso, wadda ta kashe miliyoyin mutane a duniya, ya yi mata ƙasida, ya kira ta Tunkuyau, ya siffanta yadda take kama mutum da yadda ta kwantar da gari. Rahoton likitocin Turawa yana ba da adadi. Mai son sanin yadda abin ya kasance a cikin gida, a bakin wanda ke sallatar gawa, sai ya zo wurin Alhaji Umaru.

Shi kansa bai guji masu bincike ba, wannan ma a lura. Lokacin da Karaci ke hannun Jamus ya zauna da jami'insu Adam Mischlich, ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami a kan tarihin ƙasar Hausa da sana'o'i da zaman jama'a. Takardun suka tafi Jamus. A shekarar 2000 wani malamin Hausa ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga wani sashe nasu. Malami Bakano, mazaunin Karaci, takardunsa a Jamus, mai buga su daga Warso. Haka ilimi yake yawo in masu shi sun yi barci.

Akwai ma wanda ya fi wannan. A ɗakin karatu na masarautar Danmak da ke Kopenhagen akwai damin takardun Larabci sama da warƙa 900 daga Kumasi. Masu bincike suna ganin ganimar yaƙin Katamanso ne na 1826, inda aka ci rundunar Asante kusa da Dodowa. Sun yi shekara fiye da ɗari ba wanda ya kula da su sosai, sai a shekarun 1960 Nehemia Levtzion ya nazarce su. Mafi yawansu addu'o'i ne da hatimai da laƙanin magani, na ciwo da na haihuwa da na tsari, tare da wasiƙu tsakanin Musulmin Kumasi da limaman Gwanja. Ba mu zo nan don yanke hukunci a kan laya da hatimi ba, malamai sun yi saɓani, kuma mun yi wannan darasi a wani zama. Abin da muke nunawa shi ne, daga waɗannan takardu aka san yadda kakanninmu ke jinyar marasa lafiya shekara 200 da suka wuce, da irin matsayin da suke da shi a fadar Sarkin Asante.

Aikin Legon bai daɗe da ƙarfinsa ba. Hodgkin ya tafi a 1965, aka hamɓarar da Nkrumah a watan Fabrairu na 1966, Wilks ma ya bar ƙasar a shekarar. A tsakanin nan ruwan madatsar Akosombo ya cinye tsohon garin Kete-Karaci, aka tashi mutane. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, zanguna suka girgiza. Iyayenmu suna ba mu labarin yadda mutum ke sayar da gida a kuɗin akuya ya hau mota. Wanda ke cikin wannan hali, adakar littattafai ce zai fara tunawa? Abin da aka riga aka ɗauki hotonsa ya tsira. Akwai kwafinsa a Legon, akwai a Jami'ar Northwestern a Amurka.

Muna da ƙorafi a kan jami'a, ba za mu ɓoye ba. Sakamakon binciken ya fito da Turanci, cikin littattafai masu tsada da ba sa zuwa zango. An buga Kitabu Gwanja da fassararsa a Ingila a 1986, amma malamai nawa ne a cikinmu suka taɓa riƙe shi? An karɓa daga gare mu, ba a dawo mana da bayani da harshenmu ba. Sai dai rabin laifin namu ne. Wanda ya fi cancanta ya karanta rubutun Alhaji Umaru shi ne yaron da ya iya Larabci, ya iya warware rubutun Magaribi da ajami, Hausa kuma a nono ya sha ta. Bature sai ya yi shekaru kafin ya kai inda ɗalibinmu na aji shida yake. Ga su nan muna da su cike da makaranta, ba mu taɓa ce musu akwai wannan fage ba.

Game da adakar da muka fara da ita, mun koma mun zauna da magadan. Da aka buɗe, gara ta riga ta ci gindin littafi biyu, tadarishin ɗaya ya zama gari. Sun yarda a kan sharaɗi uku: a ɗauki hoton a cikin zaurensu ba tare da warƙa ɗaya ta fita ba, abin da suka ce na gida ne a bar shi, kuma a ba su kwafi, a ajiye wani a masallaci. Yaron zai fara ranar Asabar bayan la'asar, ɗalibai biyu daga ajin Larabci za su zauna da shi suna karanta masa kan kowane littafi da sunan marubucinsa. Duk mai irin wannan adaka a gida yana iya samun mu bayan sallar asuba.

Allah ya jiƙan malamanmu da rahama.