Hoton Ƙwaro a Matsayin Hujjar Kimiyya: Nazari a Kan Lambunan Khartum da Omdurman

Wannan maƙala tana duba matsayin hotunan ƙwari da masu sha'awa ke ɗauka a lambuna da tsakar gidaje a Khartum da Omdurman, wato mutanen da ba ilimin ƙwari suka karanta ba, kuma ba da shi suke cin abinci ba. Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya rutsa da Gidan Tarihin Halittu na Sudan da ke ƙarƙashin Jami'ar Khartum, inda dabbobin da ake kiwo suka mutu saboda yunwa da ƙishirwa, samfuran da aka tara tun 1929 kuma suka salwanta. Samfuri a nan yana nufin ƙwaron da aka kama, aka busar, aka soke da allura, aka rubuta wuri da ranar kamunsa, kuma da irinsa ake tabbatar da cewa wani jinsi ya taɓa rayuwa a wani wuri.

Binciken ƙwari a Khartum ya faro ne daga neman lafiya, lokacin da aka buɗe ɗakunan bincike na Wellcome a Kwalejin Gordon a 1903 ƙarƙashin Andrew Balfour, wanda ya mai da hankali ga yaƙi da sauro. Sai dai babban abin da aka gano a ƙasar ta wannan fanni da ido aka gano shi, domin a 1959 Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura cewa farin dango sun cinye kusan duk wani ɗanyen ganye amma sun bar dogon yaro, kuma wannan lura ce ta zaburar da binciken sinadarin da ke cikin itacen, wanda ke hana ƙwari cin abinci. Duk mai lambu da ke wurin ya ga abin da Schmutterer ya gani. Bambancin kawai shi ne nasa ganin ya shiga rubutu tare da shekara da wuri.

A nan ne hoto yake da amfani na haƙiƙa. Tumfafiya, wadda Larabawan Sudan ke kira ushar, ita ce abincin tsutsar malam-buɗe-littafin da masana ke kira Danaus chrysippus, kuma hoto ɗaya da ya haɗa tsutsar mai zanen fari da baƙi da rawaya tare da ganyen da take ci ya riga ya bayyana jinsi da abincinsa a lokaci guda. Ƙwarin dare kuwa, irin su Daphnis nerii mai koren fiffike, ana samun su ne ta hanyar rataya farin ƙyalle a jikin bango bayan magariba, a haska shi da fitila, sannan a ajiye tsinken ashana ko ma'auni kusa da ƙwaron domin girmansa ya fito, a ɗauke shi ta sama da ta gefe kafin ya tashi. Idan aka ɗora hoton a dandali irin iNaturalist da kwanan wata da wuri, bayanin da masana suka tantance yana iya shiga rumbun duniya na GBIF, inda gobara a gini ɗaya ba ta isa ta shafe shi ba. Manoman lambu Hausawa mazauna Sudan suna da abin da za su ƙara, domin sunan gargajiya da aka rubuta tare da hoto yakan ɗauko sanin lokacin fitowar ƙwaro da irin ɓarnarsa.

Duk da haka, hoto yana da iyaka, kuma babu abin da ya fi nuna ta kamar nimitti, wani ɗan mitsitsin koren ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda ke tasowa daga Kogin Nilu da yawan gaske a lokacin sanyi har ya rufe fitilu da bangayen gidajen bakin ruwa. Masana suna danganta yawaitarsa da madatsun ruwa na Sannar, 1925, da Jabal Auliya, 1937, waɗanda suka rage gudun ruwa, kuma bincike ya nuna cewa yana tayar da asma da mura ga mazauna gaɓar kogin. Jinsin da ya fi yawa shi ne Cladotanytarsus lewisi, amma ba a iya raba shi da 'yan uwansa sai an duba sassan jikin namijin da madubin ƙara girma, haka kuma lamarin yake ga ƙananan ƙwarin dare masu yawa. Abin da hoton farin ƙyalle a tsibirin Tuti ko a gaɓar Omdurman zai iya tabbatarwa shi ne daren da nimitti ya fara fitowa da kuma yawansa, kuma idan aka jera irin waɗannan hotuna shekara bayan shekara, likitan ƙirji zai san makon da ya kamata ya tanadi maganin asma.