Zafin da Gini Ke Haifarwa da Kansa

Kusan duk wutar lantarkin da ta shiga ɗaki, ƙarshenta zafi ne: kwan fitila, kwamfuta, firji. Mutane ma haka. Babban mutum a zaune yana fitar da kimanin wat 100, wani kaso ya ɗumama iska, wani ya fita ta gumi da numfashi. Ofis mai ma'aikata 20 ke nan tamkar an kunna masa hita mai wat 2,000 tun ba a taɓa makunnin fitila ba.

Injiniya ya saba ƙara ɗan wani abu a lissafi don ko-ta-kwana. A nan dabarar ba ta ci. In ya kumbura adadin zafin cikin gida, kiyasin ɗumamawa na hunturu zai gaza, na sanyayawa ya wuce kima. In ya rage, a samu akasin haka. Duk inda ya karkata, ɗaya daga cikin biyun ya ɓaci.

Tsohon lissafi ya san da wannan, amma a dunƙule. A Birtaniya ana fara ƙirga buƙatar ɗumamawa idan zafin waje ya sauka ƙasa da digiri 15.5 na Celsius, a Amurka ƙasa da 18.3, bisa zaton cewa jikin mutane da kayan wuta da hasken rana za su cike giɓin. Zaton ya yi wa tsofaffin gidaje masu zubar da zafi daidai. Amma gidan Passivhaus mai riƙe zafi, irin wanda aka fara ginawa a Darmstadt ta Jamus a 1991, an ƙayyade masa kilowat-awa 15 kacal na ɗumamawa a kowane murabba'in mita a shekara, kuma manhajar lissafinsa ta daɗe tana ɗaukar wat 2.1 a murabba'in mita a matsayin zafin cikin gida. A hunturun kwana 200, wannan ya kai kilowat-awa 10 a murabba'in mita. Kuskuren wat ɗaya tak a murabba'in mita na iya taɓa kusan sulusin ƙa'idar gaba ɗaya.

Adadin kuma ba ya tsayawa wuri guda. Kwan LED mai wat 9 ya maye gurbin mai wat 60, sannan lambar da ke manne bayan kwamfuta iyakar abin da za ta iya ja ce, ba abin da take ja kullum ba. Wanda ya tara lambobin nan ya sayo wa ofis a Kano ko Yamai iyakwandishan, zai ƙare da wadda ta fi ƙarfin ɗakin: ta kunna ta mutu, ta kunna ta mutu, da damina ta bar damshi a iska, ga kuma babban janareto da aka saya dominta.